Tohon da Aka Ce a Cire

Unguwar Yola, Karaye
Bayan ƙaramar Sallah, 2019

Zuwa ga Yaya Gwadabe, a Rogo.

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri da na ɗora maka karatun takarda, kai da ka ajiye aiki don ka huta. Na so in kira ka a wayar Malam, sai na tuna kunnenka ya yi nauyi, ni kuma muryata ba ta da nisa. Shi ya sa na ba Jibo direba wannan ya kawo maka.

Ina gaishe ka, ina gaishe da Yaya Nusaiba da yara. Ya gwiwar taka? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau. Maigidana Malam Uwais yana gaishe ka, yana nan a kan keken ɗinkinsa.

Yaya, mangwaron Goggo Safiyatu ya faɗi. Iskar ruwan farko ce ta kayar da shi ranar Talata da la'asar. Ba wanda ya ji ciwo, randa ɗaya ce ta fashe, sai igiyar shanya. Da aka duba gindin, ashe gara ta daɗe da cinye cikinsa, mu muna ta shan inuwa ba mu sani ba.

Ni da kai, in za a faɗi yadda muka haɗu sai an zauna, don kakarka da kakana 'yan wa da ƙani ne. Amma a tsakar gidan nan Goggo ta riƙe mu, kuma ba ta haifi nata ba. In mu biyu ba mu yi mata ba, ban ga mai yi ba. An karantar da mu cewa wanda ya dasa itace, duk abin da ya ci daga gare shi, mutum ko tsuntsu, ladan yana isa ga mai dashen har cikin kabarinsa. Shekara arba'in ladan nan yana tafiya wurin Goggo. Ranar Talata ya tsaya. Abin da ya hana ni sukuni ke nan.

Kai malamin gona ne, shekara talatin kana koya wa mutane. Ka gaya min abin da zan dasa a gurbinsa da niyyar Goggo, da yadda zan yi. Ni ban taɓa dasa komai ba sai yakuwa a gefen rijiya.

Ƙanwarka,
Barira

*

Rogo
14 ga Yuni, 2019

Ƙanwata Barira,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Muna lafiya, gwiwa kuma tana nan tana abin da ta saba. Ki gaishe da Malam Uwais. Allah ya jiƙan Goggo.

Kin yi daidai da kika tambaye ni kafin ki taɓa komai. Yawancin mutane sai sun ɓata suke zuwa. Gara kuwa, da na zo na ga bishiyar nan da tun shekara biyar baya na gaya muku.

Ga dashe nan na ba Jibo, na ce ya riƙe shi a gaban mota kada ya sa shi cikin buhunan gyaɗa. Paparanda ne, irin manyan nan da ɗaya ke cika hannu biyu, ba zare, ba tsami. Mai aure ne, wato an yanko reshen paparanda an haɗa shi da gindin mangwaron gida, an ɗaure mahaɗar da leda. Na gida ƙarfi gare shi, na sama zaƙi gare shi. Shekara uku zai fara 'ya'ya. Niyyar Goggo na yi da shi tun daga nan, ke dai ki riƙe min shi amana.

Ki saurara da kyau. Na ɗaya, rami ya kai gwiwa, gwiwar Malam Uwais ba taki ba. Na biyu, takin da ya ruɓe, ba sabon kashin kaji ba. Na uku, ki kifa masa kwando marar gindi, ki kewaye da ƙaya, don na san awakin Karaye. Na huɗu, kuma shi ne babba: duk tohon da ya fito ƙasa da ɗaurin ledar nan, ki cire shi nan take. Na gida ne, mai tsami. In kika bar shi zai shanye abincin na sama ya kashe shi, a tashi a banza.

Abu huɗu ne kawai. Na koya wa manoman Gwangwan da ba su san bihim ba, sun iya.

Yayanki,
Gwadabe

*

Karaye
Ana saura mako uku babbar Sallah

Yaya Gwadabe,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kuna lafiya, kuma damina tana yi muku kyau. Mu nan ruwa ya sauka sosai, alhamdu lillahi.

An dasa. Malam ya shiga ramin da kansa muka auna, har ya ce in rubuta maka cewa ya shiga. Matan da nake karantarwa da hantsi kowacce ta zuba masa ruwan buta ɗaya, muka yi wa Goggo addu'a. Kwando yana nan, ƙaya tana nan. Akuyar maƙwabta ta zo ta zagaya sau biyu ta tafi.

Sai dai ina da 'yar tambaya, ka yi haƙuri. Wani ɗan toho ya fito a ƙasan ledar. Ganyensa ja-ja ne, sumul, yana ƙyalli, kullum na leƙa sai in ga ya ƙaru. Na saman kuwa ganye uku ne da shi tun ranar da ya zo, ɗaya ma ya fara lanƙwashewa. Na san abin da ka ce. Tambayata ita ce, dole ne sai yau, ko za a iya ba shi ko da mako ɗaya a gani? Ina jin nauyin in cire mai lafiya in bar marar lafiya.

Barira

*

Barira,

Na rubuta a bayan takardarki don Jibo yana sauri. Cire shi. Yau.

Gwadabe

*

Rogo
6 ga Fabrairu, 2022

Ƙanwata Barira,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya, sai gwiwar da aka yi min aiki a Kano, har yanzu da sanda nake zuwa masallaci. Shi ya hana ni leƙo ku duk tsawon nan. Na ga takardunki na Sallah-Sallah, kowacce kina cewa bishiya tana nan kore shar. Madalla.

To, shekara uku ta kusa cika. Bana ya kamata ki ga huda. Ya yi? Ki kuma gaya min tsawonsa, don ina son in rufe bakin wani mutum a nan. Alhaji Salman ne, mai shagon maganin feshi, wanda muke zama a ƙofar gidansa da la'asar. Tunda ya fara sayar da magani ya ɗauka shi ma malamin gona ne. Ya ce dashen da aka bar wa mata ba ya kai shekara.

Ina fata dai kin bi duk abin da na lissafa miki.

Gwadabe

*

Karaye
Watan Rajab

Yaya Gwadabe,

Assalamu alaikum. Sannu da jiki, Allah ya sa kaffara ne. Malam yana yi maka sannu, ya ce in ka samu sauƙi ka zo ya gwada ka, yana da wani yadi da ya ajiye maka.

Bishiya ba ta yi huda ba tukuna. Amma tsawo kam, ta wuce katanga, har mai wucewa ta lungu yana ganin kanta. Gindinta ya kai kaurin taɓarya. Mata biyu suna iya zama a inuwarta da allunansu in sun matsu.

Maganar abin da ka lissafa: rami ya kai gwiwar Malam, taki ruɓaɓɓe na zuba, akuya kuma ba ta taɓa kai bakinta gare shi ba ko sau ɗaya. Wannan zan iya rantsuwa a kai.

Allah ya ƙara lafiya.

Barira

*

Rogo
20 ga Fabrairu, 2022

Barira,

Ta wuce katanga! Na karanta wa majalisa takardarki sau biyu. Alhaji Salman ya ce wai mai aure ba ya yin tsawo haka a shekara uku. Na ce masa wanda ya saya a bakin titi ne ba ya yi, nawa zaɓaɓɓe ne. Rashin huda kuma taki ne ya yi masa yawa, yana jin daɗi ya manta da aiki. Ki rage masa ruwa da rani, zai tuna.

Na ji daɗi da kika bi umarni ɗaya bayan ɗaya. Dama tun muna yara ke ce Goggo ke ba ajiya.

Gwadabe

*

Rogo
2 ga Afrilu, 2024

Ƙanwata Barira,

Barka da shan ruwa. Ina fata kuna lafiya ke da Malam.

Shekara biyu kina rubuto min labarin ganye da inuwa, sai daga bakin Jibo zan ji cewa bishiya ta yi 'ya'ya har rassa suna rinjaya ta kan katanga? Na san halinki, so kike sai ya nuna ki ba ni mamaki. To na ji.

Bayan Sallah da mako ɗaya ki cika buhu ki ba Jibo. Kada ya kai gida. Ya kawo min kai tsaye ƙofar gidan Alhaji Salman da la'asar, lokacin da kowa ya hallara. Shekara biyar mutumin nan yana min dariya. Har liman na gayyata.

Gwadabe

*

Karaye
Bayan Sallah da kwana bakwai

Yaya Gwadabe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barka da Sallah, ina gaishe da Yaya Nusaiba. Don Allah ka zauna kafin ka karanta wannan, kuma kada ka kwance buhun sai ka kai ƙarshe. Na ja wa Jibo kunne sau uku cewa takarda za a fara ba ka.

Yaya, ban cire tohon ba.

Ranar da saƙonka ya zo na ɗauki wuƙa na fita. Na tsuguna, na yi bisimilla, sai na ga raɓa a kan ganyen nan, na ce bari ta bushe. Washegari na sake fita, sai aka yi sallama. Rana ta uku na ce wa Malam shi ya cire, ya ce shi tela ne, ba ya yanka abin da bai auna ba. Daga nan na ce a raina, bari in bar su su biyu, wanda Allah ya nufa da rayuwa ya rayu. Kafin a yi girbin gero na saman ya bushe ƙayau. Na ajiye shi a cikin kwalla, yana nan, in kana son gani.

Duk abin da na rubuta maka gaskiya ne, ban taɓa sa ƙarya a takarda ba. Kore ne, ya wuce katanga, akuya ba ta ci ba. Amma ka lissafa huɗu na amsa uku, na kuma san abin da za ka ɗauka. Abin ya dame ni har na je wurin Malam Bahauddeen na Islamiyyarmu, na ce masa wata mata ce aka ba amanar dashe ta yi kaza da kaza, mene ne hukuncinta? Sai ya ce, "Ki gaya wa matar nan ta rubuta wa yayanta na Rogo." Ban san inda ya sani ba. Wannan shekara biyu ke nan. Kullum ina cewa sai gwiwarka ta warke, kada in ƙara maka ciwo. Daga baya kuma na sa rai ko Allah zai sa ya yi zaƙi, tunda ba abin da ya gagare shi.

Bai yi ba. Jiya na zaɓi wanda ya fi nuna na ɗanɗana. Hawaye suka zubo min, kuma ba na nadama kaɗai ba ne.

Na cika buhun don ka ce a cika, ba na son in sake saɓa maka. Amma ina roƙonka ka sa a wuce da shi gida a ɗaure. Ka yafe min.

Ƙanwarka mai laifi,
Barira

*

Rogo
22 ga Afrilu, 2024

Barira,

Lafiya muke, in ana kiran wannan lafiya.

Takardarki ta iso hannuna yau, kwana huɗu bayan buhun. Jibo ya tura ta aljihun mota ƙarƙashin takardun lasisi ya manta. Buhun kuwa bai manta ba. Ya sauke shi a gabana a ƙofar gidan Alhaji Salman, har da yin oda don kowa ya juyo.

Mutum goma sha ɗaya ne a kan tabarma, har da liman. Na kwance, na ga abu ƙanana kamar ƙwan agwagwa. Na daure na ce ai shekarar fari haka suke yi, zaƙin ne ke taruwa wuri ɗaya. Na fere ɗaya da hannuna na miƙa wa Alhaji Salman, na ce, "Bisimilla, mai maganin feshi."

Ya gatsa. Ido ɗaya ya rufe. Sannan ya ce, "Malamin gona, da tsamiya ka yi auren?"

Na ce bakinsa ne, bai daɗe da shan magani ba. Na ba liman. Liman mutum ne mai kawaici, ya haɗiye, ya ce, "Alhamdu lillahi ala kulli halin." Sai na ci da kaina. Barira, haƙorana sun mutu har washegari ko tuwo ban iya taunawa ba, zaren kuma sai da Nusaiba ta ba ni tsinke. Ladan ma ya ɗanɗana, da ya kira magariba muryarsa rawa take. Yanzu in na doso majalisa sai wani ya ce, "A matsa wa Paparanda."

Shekara talatin ina aikin nan. Manomi ko ɗaya bai taɓa yi min haka ba. Abu huɗu na ce, huɗu!

Ga hukuncina. Ki kira Hammawa mai faskare ya sare shi daga gindi, a tone saiwar. Da ruwa ya sauka zan aiko da wani dashen, wannan karon Malam Uwais zan ba amana, ko tela ne. Ba don fushi kaɗai na faɗa ba. Lada kika ce muna nema wa Goggo, abin da ba mai iya ci kuwa ba ya kai wa kowa lada. Shekara biyar muna aika mata da ganye.

Ragowar buhun an kai gida, ko awaki sunsunawa suka yi suka wuce. Fiddausi ce kaɗai, autata, da ta zo daga gidan mijinta gaisuwar Sallah, ta zauna bayan madafa da gishiri da yaji ta ci ya fi ashirin, ta kuma ƙulle sauran a mayafi ta tafi da shi. Yarinyar da ko lemo sai na zaɓa mata mai zaƙi. Wata bakwai da aure, ban san abin da suke ci a gidan nan da ya lalata mata baki ba.

Ki sanar da ni in an sare.

Gwadabe

*

Karaye
Ranar Laraba

Yaya Gwadabe,

Assalamu alaikum. Na karanta, na kuma sake karantawa. Duk abin da ka faɗa a kaina daidai ne. Ka ba liman haƙuri a madadina, da ladan. Alhaji Salman kuma ban san abin da zan ce masa ba.

Na kira Hammawa kamar yadda ka ce. Ya zo jiya da gatarinsa. Wannan karon ba zan ɓoye maka komai ba: ba a sare ba tukuna. Na ce ya dakata sai amsarka ta zo, in ka sake cewa a sare, wallahi zan shiga ɗaki in rufe ƙofa ya sare. Naka ne.

Amma ka ce ba mai ci, a nan ne nake da 'yar magana. Tun yana ɗanye ake sallama a gidan nan. Ban san yadda labari ya zaga ba. Mata masu juna biyu ne, Yaya, daga unguwar nan har bayan kasuwa. Wata ta aiko, wata ta zo da kanta wai ta zo gaishe ni, idonta yana sama. Akwai wadda ta ce kwana tara ba abin da ya zauna mata a ciki sai shi. Suna ci suna cewa Allah ya jiƙan wadda aka dasa dominta. Ga jemagu da tsuntsaye, su ma ban ji sun yi ƙorafi ba.

Hammawa ma da ya ɗaga kai ya dubi bishiyar sai ya ce, "Au, wannan ce? Malama, ai daga nan ake kai wa maiɗakina." Ya ce ta gaya masa in ya taɓa ta, ya nemi inda zai ci tuwo. Ya ce zai sare in an matsa masa, amma a bari sai ranar da ta tafi unguwa. Ya sha fura ya tafi, gatarin yana nan jingine a zaure.

Sai abu na ƙarshe, ka yi haƙuri, ban san yadda zan faɗa ba. Jibo ya zo da saƙon baki daga wata a Rogo, tana son a ƙara mata rabin buhu, ɗanye-ɗanye. Ta ce kada a faɗi sunanta, ban kuma faɗa ba. Ni dai roƙona, ka tuna abin da ka rubuta min a ƙarshen takardarka, ka haɗa shi da abin da na gaya maka a sama game da masu zuwa gidan nan. Kai da kake hango gona daga kan babur ka san wadda za ta yi kyau. In bai fito maka ba, ka tambayi Yaya Nusaiba. Amma don girman Allah kada ka tambayi yarinyar. Na fari ne, in ta san ka sani ba za ta sake iya haɗa ido da kai ba sai bayan suna.

Barira

*

Rogo
26 ga Afrilu, 2024

Barira,

Na tambayi Nusaiba. Ta yi dariya har sai da ta zauna a kan turmi. Ta ce tun cikin azumi kowa ya sani a gidan nan, har Jibo. Ni kaɗai ne.

Kada a sare. Ki mayar wa Hammawa gatarinsa. Ki cika buhu, ba rabi ba, Jibo ya kai inda aka ce, ni ban san ko ina ne ba.

Amma ban janye duka ba. Reshe ɗaya za a yanke, in ya yi sabon toho a ɗaura masa paparanda, bishiya ɗaya ta riƙa ba da iri biyu. Ana yi, na sha koyarwa. Ni zan zo da kaina in yi, ko da ɗaukata za a yi a sa a mota. Sai Alhaji Salman ya ci paparanda daga gidan Goggo kafin in mutu. Ki zaɓi reshen, ki ɗaura masa tsumma don in na zo kada mu ɓata lokaci.

Nusaiba ta ce wai na yi ta murmushi a sallar isha'i. Ƙarya take.

Yayanki,
Gwadabe

*

Karaye
Asabar da hantsi

Yaya Gwadabe,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Allah ya raba lafiya, ya sa mu gani. Ina gaishe da Yaya Nusaiba da kyau. Hammawa ya karɓi gatarinsa, ya ce a gode maka, ka raba shi da fitina. Buhu ya tafi. Malam ya ji za ka zo, ya ce a share maka ɗakin zaure don kada ka sha hawan dakali.

Sai dai ka yi haƙuri, na sake zuwa da matsala. Na yagi tsumma na fita zaɓen reshe tun jiya. Manya huɗu ne. Na gabas shi ne inuwar masu karatu, yanzu su tara ne a ƙarƙashinsa. Na kan katanga shi ne wanda masu kunyar shigowa suke tsinka ta lungu, in aka yanke shi ban san yadda za su yi ba. Na wajen rijiya kurciya ta yi sheƙa a kai, ƙwai biyu, na hau turmi na gani. Na huɗun ba shi da wani uzuri, na duba sosai ban samu ba. Har na ɗaura masa tsumman. Da na juyo na dube shi shi kaɗai da tsumma a wuya, sauran ba su da shi, sai na koma na kwance.

Na ce wa Malam ya zaɓa, ka san amsar da ya ba ni.

Saboda haka tsumman yana nan a ninke, kai za ka ɗaura da hannunka. Ranar kuma ka bar ni in tafi gidan maƙwabta sai kun gama, zan bar muku abinci a rufe. Ka gaya min ranar da za ka zo, da abin da haƙoranka suke iya ci yanzu. Don Allah ka amsa da wuri, ka kuma ce wa Jibo ya riƙe takardar a aljihun rigarsa.

Ƙanwarka,
Barira